Sanƙon Malamin Lissafi

"Ba zan sayar ba, Yallaɓai."

Mai kantin maganin ya ɗago kai daga wayarsa kamar bai ji da kyau ba. Kwalbar tana kan teburin kanti a tsakaninsu, 'yar ƙarama, babu suna a jikinta, babu ranar lalacewa. Shi yake haɗa ta a ɗakin baya, shi kaɗai ya san abin da ke ciki.

"Na ce ki ba shi. Mutum ya zo neman maganin zubewar gashi, ga magani."

"Shekara biyar na yi ina karatun haɗa magunguna," in ji Auta, ma'aikaciyarsa. "Ba a koya mini in miƙa wa mutum abin da ban san sunansa ba. In kana so ya saya, ga hannunka."

Saurayin da ake rigimar a kansa yana tsaye, ya ja hula har kusa da gira, da tarin littattafan ɗalibai a hammata. Ya yi gyaran murya.

"Ni dai da kun bari na wuce. Ban zo haɗa faɗa ba."

Mai kanti ya ja tsaki, ya ɗauki kwalbarsa, ya shige ɗakin baya ya bugo ƙofa. Auta ta gyara farar rigar aikinta, ta dubi saurayin.

"Cire hular in gani."

"A nan?"

"Babu kowa, daga ni sai kwalabe."

Ya cire a hankali, kamar mai kwance bandeji. Gashin ya ja baya ta gefen goshi biyu, tsakiyar kai ta fara haske.

"Lissafi nake koyarwa a sakandare," ya ce. "Filin Jirgi ɗalibai suke kirana. Da na juya allo sai in ji ana ƙarar saukar jirgi a bayana."

Ta danne dariyarta da ƙyar, ta jawo takarda. Ta ce masa magani biyu ne aka gwada aka ga amfaninsu. Na farko na shafawa ne, minoksidil, safe da yamma, a kan fatar kai. Na biyu ƙwaya ce, finasteraid, wadda ba za ta ba shi ba sai da takardar likita.

"Me ya sa?"

"Saboda wasu 'yan kaɗan sukan ji sha'awarsu ta ragu, wasu kuma takan taɓa musu ƙwayoyin haihuwa. Yawanci in an daina, komai yakan dawo. Amma da likita za ka yi wannan maganar. Kuma mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar."

"Ba ni da mace, balle mai ciki."

"Ban tambaye ka ba. Kada ka sa ran ganin canji kafin wata huɗu zuwa shida. Ranar da ka daina kuma, gashin zai koma hanyarsa."

"Wato haya ce, ba mallaka ba."

"Haya ce."

Ya karɓi na shafawar, ya nemi lambarta don tambaya in ta taso. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Na gode, Malama A'a." Sunan da ya bi ta ke nan.

Bayan kwana biyu ya dawo da takardar likita, ta ba shi ƙwayar, ta rubuta a littafin kanti kamar yadda doka ta ce. Daga nan ya riƙa biyowa in an tashi daga makaranta, yau tambaya kan ƙaiƙayi, gobe sayen audugar da ba ya buƙata. Sai a mako na huɗu ya ɗauke ƙafa. Kwana tara ba ta gan shi ba, ta kama kanta tana ɗago kai duk lokacin da ƙofa ta motsa. A rana ta goma saƙo ya shigo.

"Malama A'a, barka da rana. Kafin in fara maganinki ƙaramin filin jirgi gare ni. Yanzu manyan jirage ma za su iya sauka. Matashin kaina ya fi ni gashi. Da na sani da kwalbar oganki na karɓa."

Sai ta tuna. Ranar farko, da zafin rigimar nan, ta manta abu ɗaya.

"Laifina ne, Mai Hula. Ban gaya maka ba: a makonnin farko na shafawar yakan zubar da tsofaffin gashi kafin sababbi su fito. Kada ka daina. Ka ba ni wata huɗu. In bai tsaya ba, ni zan saya maka sabuwar hula."

"Wato Malama A'a ma tana kuskure?"

"Sau ɗaya a shekara. Ka cinye rabon bana."

"To na yafe. Amma na riƙe ki da maganar hula."

Ba ta sayi hular ba. Kafin wata huɗun su cika zubar ta tsaya, wani laushin gashi ya fara rufe tsakiyar kan. Amma kafin nan hirar ta daɗe da barin gashi. Yakan raka ta tashar mota da yamma, yana riƙe mata jaka, tana gyara masa wuyan riga da alli ya ɓata.

"Kin san me ya sa na kasa rabuwa da ke?" ya ce wata rana. "Abin da nake ɓoye wa duniya shi kika fara gani. Kuma ba ki yi dariya ba."

"Na yi. A ciki."

"Ta ciki ba ta zafi. Ki aure ni, Malama A'a. Ki yi kuskuren baɗi tun yanzu."

Ta dubi titi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wannan ba kuskure ba ne, Malamina."

Sai dai mai kanti ya daɗe da sa ido a kanta. Sau biyu ya aika mata da maganar aure, sau biyu ta ce a'a. Da ya ji labarinta da malamin, sai ya buɗe littafin kanti ya nemo sunansa. Baban Auta kuwa, tsohon ma'aikacin gidan waya, a kantin nan yake karɓar magani duk wata. Shekara biyu ke nan yana fama da matsalar fitsari irin ta maza in shekaru sun ja, kuma ya roƙi Auta kada ko Mama ta ji. A gaban teburin kanti, ranar da Auta take hutu, mai kanti ya raɗa masa abin da ya raɗa.

Da la'asar Baba ya kira ta falo. Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Auta, yaron nan, wane magani yake sha?"

"Baba, ba zan iya faɗa ba."

"An ce mini ƙwaya yake haɗiya mai kashe namiji, don kawai gashi. Ni ina son in ga 'ya'yanki kafin in mutu. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Duk wanda ya gaya maka ya ci amanar aikinsa. Ni ba zan ci tawa ba."

"Ni ubanki ne."

"Baba, in wani ya tare ni ya ce in gaya masa maganin da kake sha, zan faɗa?"

Idonsa ya kaɗa. "Kada ki haɗa ni da shi."

Maganar tana kan harshenta. Ƙwayar da malamin yake sha ita ce dai Baba yake sha kullum da safe, nasa ma ya ninka ƙarfi sau biyar. Kamfanin ne daban, sunan da aka buga da manyan baƙaƙe a kwalin daban. Da ta ce "irin naka ne", da an gama. Amma faɗin haka tona asirin wanda ya cire mata hula ne don ya yarda da ita. Ta haɗiye.

"To," in ji Baba, "tunda bakinki ya fi ƙarfina, babu ni babu maganar auren nan." Ya kunna rediyonsa.

Washegari ta shiga kanti, ta ninke farar rigarta ta ajiye a kan teburin.

"Littafin marasa lafiya ba jarida ba ne, Yallaɓai. Ka nemi wata."

"Za ki dawo kina roƙo."

"Ka jira."

Ba ta dawo ba, amma ta ji jiki. Duk kantin da ta kai takardunta sai ta tarar labarinta ya riga ta: mai taurin kai, mai yi wa na gaba rashin kunya. A gida, in ta gaida Baba sai ya ɗaga kai kawai. Maganinsa ma ya koma aikawa a sayo masa a wani wuri. Malamin kuwa ba ta gaya masa dalili ba. Ta san in ya ji zai zo ya shimfiɗa sirrinsa a gaban mahaifinta, kuma ba ta son ya sayi aurenta da mutuncinsa. "Baba yana nazari," abin da take cewa ke nan, har wata huɗu.

Wata safiya ya rubuto: "Rabin raina, in kaina ne matsalar, ki faɗa mini. Na saba. In kuma kin sami mai cikakken gashi ne, shi ma ki faɗa, zan yi ƙoƙarin yi miki fatan alheri, ko da ba zai fito da kyau ba."

Ta karanta a tsaye a kicin, hawaye suka zubo. "Kanka ba shi da laifi, Malamina. Babu kowa sai kai. Ka ƙara haƙuri da ni."

Mama ce ta gaji. Ta ɗauki lambar daga wayar Auta, ta kira shi ta zayyana masa komai. "Ita da ubanta kan nan ɗaya ne," ta ce. "In ka biye musu, sai ku tsufa a haka."

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama. Ya cire hula tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye kwalin magani da takarda a kan tebur. Auta tana bayan labule.

"Baba, ga abin da nake sha. Ba ta faɗa ba don ba nata ba ne. Nawa ne, ni ya kamata in faɗa. Wannan takardar gwaji ce daga asibiti, lafiyata ƙalau. Duk da haka mun yi shawara da likita zan ajiye ƙwayar kafin aure, in ci gaba da na shafawa, har Allah ya ba mu rabo. In gashin ya tafi, Allah ya raka taki gona."

Baba ya gyara zama. Ya sa tabarau, ya ɗauki kwalin, ya juya shi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ba ya tsallake ƙananan rubutu. Ya kai kan sunan da ke ƙasan babban suna, ya tsaya. Ya sake karantawa. Sai ya miƙe ya shiga ɗakinsa, aka ji ƙarar buɗe durowa. Ya daɗe. Da ya fito, hannunsa ɗaya yana cikin aljihu.

"Auta."

Ta fito ta durƙusa.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Kuma kika bar ni wata huɗu ina ta..." Bai ƙarasa ba.

"Naka amana ne, nasa ma amana ne."

Mama ta leƙo daga kicin. "Wai me ta sani?"

"Babu ruwanki," in ji Baba. "Tsakanina da likitata ne." Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya tura wa malamin kwalinsa. "Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za ta tafi, Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ya ba ki masu riƙe sirrinki yadda kika riƙe na mutane." Mama ta amsa da amin tana kuka, ango ya amsa tasa amin ɗin da ƙarfi har aka yi dariya.

Kada wanda ya ji labarin nan ya ɗauka kyauta ta samu. Ta rasa aikin da ta yi shekara biyar tana karatu dominsa, ta yi wata bakwai a gida kafin wani ƙaramin asibiti mai nisa ya ɗauke ta, mota biyu take hawa kullum. Wata huɗu mahaifinta bai kira sunanta ba, kuma waɗannan watannin ba za su dawo ba. Mijinta ya ajiye ƙwayar kamar yadda ya yi alkawari, kafin shekara ta zagayo yawancin gashin da ya dawo ya sake tafiya. Abin da tsayuwarta ta ci ke nan. An tambaye ta ko da za a sake, za ta buɗe baki. Ta ce a'a.