Inda Aka Binne Cibiya

Rana ta yi ja lokacin da Ungozoma ta ɗauki bokiti ta nufi tsohuwar rijiya. 'Yarta na kan gwiwa tun safe, ruwan gidan duk ya ƙare.

Duk ɗan garin ya san tarihin rijiyar. Kakanninsu matafiya ne, ƙishirwa ta jefo su, suka tarar wurin da masu shi, irin waɗanda ba a gani. Suka roƙa a bar su su kwana, kwanan da ba su tashi ba ke nan har yau. Shi ya sa in aka tambaye ka a bakin rijiya yaushe za ku wuce, amsa ɗaya ce: gobe. Amma Ungozoma akwai baki, ga gajiya, ga hankalinta ya yi gida.

Ta zura guga. Kwaɗi suka yi tsit. Warin tsohuwar laka ya taso, yatsunta suka yi sanyi ƙalau.

"Baƙuwa," aka ce daga can ƙasa, a hankali. "Yaushe za ku wuce?"

"Mu wuce ina, bawan Allah?" ta ce a fusace. "Nan aka binne cibiyata. Ta rabin garin nan ma da hannuna na binne."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa.

Igiyar ta yi nauyi. Aka fizga. Ƙirjinta ya bugi bakin rijiya.

"To," aka raɗa mata, yanzu a bayan kunne. "Za a mayar muku."

Ta saki igiyar ta arce, ko takalmi babu.

Jikarta ta zo duniya lafiya. Amma da gari ya waye, kowace ƙofa da ɗan tsibi: busassun cibiyoyi da ƙasa a jikinsu, har na waɗanda suka daɗe a kabari. Rijiyar kuwa ta shafe, kamar ba a taɓa haƙa ta ba. Ba wanda ya zagi Ungozoma, wannan ya fi komai ƙona mata rai. Maƙerin garin ne ya fara ɗaure kaya, sauran suka bi, kowa da inda ya sa gaba.

Yanzu a garin wasu take raɓe, ta tsufa ainun, da cibiyar jikar nan ƙulle a bakin zaninta. Duk inda ta tona ta binne, da safe sai ta same ta a bakin ƙofa.