Likitan Shanu da Wasan Mai Fitila

Motar ta ƙi cika. Tun bayan la'asar Tayyiba take zaune a kujerar baya a Gagarawa Tasha, ƙafafunta na zugi saboda tsayuwar wuni a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da take aiki. Direba kuwa ya rantse ba zai ɗauki hanyar Gumel ba sai an cika. Da ta gaji da kallon titi, sai ta ciro wayarta ta buɗe gem, wasan wayar da ke ɗebe mata kewa.

Sunansa na Turanci dogo ne, shi ya sa masu yinsa suke ce masa Mai Fitila kawai. Labarin wata yarinya ce da rana ta ɓace wa ƙasarsu, ta ɗauki fitila ta shiga duniya nemanta, tana gamuwa da dodanni da tsofaffi masu jin maganar tsuntsaye. Kashi-kashi ake sakinsa, kuma abin da ka zaɓa a wannan kashi shi zai biyo ka a na gaba. Tayyiba ta iso inda wani makaho ke roƙon yarinyar ta tsiyaya masa man fitilarta.

"Don Allah kar ki ba shi."

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne ya zauna kusa da ita, siriri, jakar allurai a kan cinyarsa, idanunsa sun yi ja don gajiya.

"Malam, wayata kake leƙe?"

"Wallahi ban yi niyya ba. Kiɗan wurin na ji, zuciyata ta ƙi yin shiru."

Ta kalle shi, ta danna, yarinyar ta tsiyaya wa makahon mai.

"Ni ban iya wuce mai neman taimako ba," in ji ta.

"To Allah Ya ba ki haƙurin kashi na uku."

"Ka ga ka ɓata min ke nan!"

Ya yi dariya, ita ma ta kasa riƙe tata. Sunansa Zayyad, ɗan Maigatari, aikinsa bin rugage yana yi wa dabbobi allura. Kafin su kai Gumel sun yi musu har sun gaji. Ita ta ce wannan sakin kashi-kashi wulaƙanci ne, su gama girki su kawo gaba ɗaya, ba su riƙa ba mutum loma ɗaya su ɗauke kwano ba. Shi ya ce ai daɗin ke nan, mutum ya samu watanni yana tunanin abin da ya zaɓa, yana musu da abokai. Da za su rabu ya roƙi lambarta, wai zai saka ta a guruf ɗinsu na masu wasan.

Guruf ɗin bai san shiru ba. Wannan ya ce faɗan ya yi sauƙi, wancan ya ce dodannin sun cika surutu. Wasu na cewa a jira ya kammala sannan a fara, wasu na cewa wanda ya yi haka bai san daɗin duniya ba. Tayyiba ta jawo ƙanwarta Rahama ciki. A nan kuma ta tarar da Yaya Habibullah, ɗan ƙanwar babansu da ke Sule Tankarkar, wanda ya daɗe yana nuna yana sonta, ita kuma tana kaucewa cikin ladabi.

Hirar Zayyad ba ta jima ba ta baro guruf ta dawo gefe.

"Barka da gajiya, Likita. Yau haihuwa nawa?"

"Ban ƙirga ba, Likitan shanu. Ƙafata dai ta san sun yi yawa. Kai fa?"

"Wani bijimi ya taka ni a wajen iyaka. Amma da na ga saƙonki sai na ji kamar an gasa min wurin."

"Daɗin baki. Ka sha magani?"

"Ina jiran likitata ta rubuta min."

Haka damina ta wuce musu. Duk su biyun mutane ne da aiki ke cinyewa, sai ya zama kowa ya san gajiyar ɗan'uwansa daga gajartar saƙo. Ranar da ya fara zuwa zance gidansu, suna zaune a zaure ya yi ta hamma yana ba da haƙuri, ita kuwa ta ji ba ta taɓa ganin namijin da ya kwanta mata a rai kamarsa ba.

Bayan girbi Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyar Zayyad, ya zo da mutanensa neman izini. Malam Abdulbaƙi, mahaifin Tayyiba, ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike.

Binciken bai yi nisa ba ya faɗa hannun Habibullah.

Wata safiya Malam ya kira ta. Yana zaune a kan buzu, bai kalle ta ba.

"An ce min yaron nan ba shi da aiki sai wani wasan waya mai aljanu da sihiri. An ce ke ma ya koya miki."

"Baba, tun kafin in san shi nake yi. Kuma ba sihiri ba ne, labari ne kawai."

"Wanda ya gaya min yana cikinku, ya gani da idonsa. Ki goge shi, ki fita daga wannan taron nasu. Maganar aure kuma a dakata."

Ta goge a gabansa. Ta fita daga guruf ɗin. Ba ta yi kuka ba, don motar Gagarawa na jiranta.

A dakata ɗin nan ta yi tsawo. Kawu Ilu ya dawo, aka ce sai bayan azumi. Ya sake dawowa, aka ce Malam bai gama shawara ba. Zafi ya shigo, Tayyiba ta rame, tafiyar aiki ta zame mata kamar ɗaukar dutse. Zayyad bai fasa turo saƙo ba.

"Tayyibata, ki ci abinci. Baba ubanmu ne, ba zai cuce mu ba."

"Na gaji, Zayyad."

"Na sani. Ki ba ni rabi in riƙe miki."

Sai wata rana, tana cin abinci a bayan asibiti, saƙon Habibullah ya shigo.

"Ƙanwata, ban so in nuna miki ba, amma zumunci ya fi ƙarfin shiruna. Ji abin da mutumin naki yake faɗa a gaban jama'a."

Ƙasan rubutun akwai saƙon murya. Ta kara a kunne. Muryar Zayyad ce, babu shakka, a dishe, cike da ɓacin rai.

"Ni dai na gaji. Duk wanda ya san darajarka ba zai yi ta ja maka rai haka ba. Kullum gobe, kullum jibi. Na haƙura, su riƙe kayansu. Akwai wasu da yawa a gari da suka fi."

Ta ajiye cokali. Ta sake saurara, ta kuma sake. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta ma ga laifinsa sosai ba. Waye ba zai gaji ba? Amma su riƙe kayansu? Ita ce kayan?

Ta daina ɗaga wayarsa. Saƙonni suka yi ta taruwa.

"Likita, lafiya? Na kira ba ki ɗaga ba."

"Idan laifi na yi ki faɗa min sunansa, in san abin da zan ba da haƙuri a kai."

"Tayyiba, ina ƙofar gidanku. Ba zan yi sallama ba saboda Baba. Na dai zo ne in ji ina kusa."

Ta karanta ta kife wayar. Habibullah kuwa ya yawaita zuwa gaida Malam, kullum da tsarabar kankana.

Rahama ce ta gaji da ganin yayarta kamar mai jinya. Ranar wata Asabar suna wanki ta tsare ta da tambaya, har Tayyiba ta miƙa mata wayar. Rahama ta saurara, ta ware ido, ta yarfe kumfar hannunta.

"Yaya, wannan ai boyis ɗin guruf ne! Ni ban fita ba, na dai kashe masa ƙara. Kamfanin Mai Fitila ne suka sake ɗage kashi na biyar, guruf ya hargitse. Tsaya ki ji daga farko."

Ta lalubo a wayarta ta kunna.

"Jama'a, kun san ni ne mai kare masu gem ɗin nan, ni ne mai cewa jira daɗi ne da shi. To yau na janye maganata. Ni dai na gaji."

Sauran ya biyo kamar yadda Tayyiba ta haddace shi. Amma bai tsaya inda nata ya tsaya ba. Zayyad ya ja numfashi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ku yi haƙuri, yau raina ne babu daɗi. Haƙurina gaba ɗaya na kai shi wani wuri da ya fi wannan daraja, ban rage wa gem komai ba. Wancan jiran kuwa, ko tsufa zan yi a kansa, ina nan."

Tayyiba ta zauna a kan bokitin da ke kife. Kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙwace mata, Rahama ta riƙe kafaɗarta har ta yi shiru. Sannan ta ɗauki waya ta rubuta wa Zayyad.

"Likitan shanu, ka yafe min. An yanke min muryarka, ni kuma na yarda."

Amsa ta zo kafin ta ajiye.

"Alhamdulillahi. Ni dai kin dawo? Sauran duk mai sauƙi ne."

Bayan azahar ta ɗauki wayoyin biyu ta durƙusa gaban mahaifinta. Ba ta taɓa yi masa musu ba, yau ma ba ta yi ba. Ta ce kawai, "Baba, ina roƙon ka saurari wannan, sannan ka saurari wannan. Wanda ya turo min na farko shi ne ya ba ka labarin Zayyad."

Malam ya saurara. Da ya gama, ya ce ta tashi ta tafi.

Bai sake tayar da maganar ba. Amma ranar kasuwar Maigatari ya shirya da sassafe ya fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Kwana kaɗan bayan haka ya aika a kira Zayyad. Tayyiba ta laɓe bayan ƙyauren zaure.

"Na je garinku," ta ji Malam yana cewa. "Na tambayi limaminku, na tambayi masu shanu. Na kuma tsaya daga nesa na ga yadda ka wuni a rana. Saura abu ɗaya. Nuna min wasan nan."

Sai kiɗan da ta sani ya tashi a hankali. Zayyad yana bayani cikin in'ina: ga yarinyar da ke neman rana, ga fitilar, ga dodon da ke tsare gada.

"Shi wannan ɗin me yake so?"

"Sai an ba shi amsar tambayarsa zai bari a wuce, Baba."

"Ikon Allah. Ashe tatsuniya ce aka yi wa hoto." Malam ya yi gyaran murya. "Innarmu, Allah Ya jiƙanta, ta fi su iya dodo. Kuma ba wanda ya taɓa ce mata matsafiya. Yana hana ka salla?"

"A'a, Baba. Aiki ma bai cika barina in taɓa shi ba."

"To ta samo ranar kuwa?"

"Ba a sani ba tukuna. Sun ƙi sakin ƙarshen."

Malam ya yi wata 'yar dariya wadda Tayyiba ta manta rabon da ta ji.

"Ka gaya wa Kawunka ya zo jibi."

Abin da Malam ya faɗa wa Habibullah ba wanda ya ji. An dai ga ya fito daga zaure kansa a ƙasa, ya fice daga guruf, kuma ranar ɗaurin aure shi ya yi ta shimfiɗa tabarmi.

Bayan babbar Salla aka ɗaura, a masallacin unguwarsu a Gumel. Mutanen ruga suka zo da ƙoren nono, abokan aikinta suka cika mota daga Gagarawa, 'yan guruf kuma suka zo suka ci gaba da musunsu a ƙarƙashin rumfa har abinci ya huce.

Da la'asar aka fito da amarya. Bisa al'ada uba ba ya rakiya, amma Malam Abdulbaƙi ya biyo har ƙofar gida, ya sa aka nemo masa ango daga cikin abokansa. Ya kama hannun Zayyad da hannu biyu. Tayyiba tana jinsu daga cikin mota, a ƙarƙashin lulluɓi.

"Ga ta nan, na ba ka amana. Yarinyar nan tun tana ƙarama, in abu ya dame ta wanke-wanke take kamawa, ko kwanukan a wanke suke. In ka ga ta fara, kar ka tambaye ta. Ka zauna kusa da ita kawai, za ta faɗa."

"In sha Allahu, Baba."

Malam ya sunkuyo ta tagar motar. Ya sassauta murya.

"Tayyiba, ban taɓa kwana da ɓacin ranki ba. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sanya sanyi a gidanku, Ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

"Amin," in ji matan da ke cikin motar. Tayyiba kuwa ta zuro hannunta mai lalle ta tagar, ta riƙe yatsun mahaifinta. Bai janye ba sai da motar ta fara tafiya.