Zaren da Ya Ɗaura Mata

"Waye ya ɗaura miki wannan?"

'Yata Rumyana ta ɓoye hannunta a baya.

"Baba ne..."

Zare ne ja da fari, irin wanda kowa a ƙasarmu ke ɗaura wa nasa ranar ɗaya ga Maris, ba a cirewa sai an ga shamuwa. Da irinsa babanta Zlatko ya sace zuciyata a garin Plovdiv, kafin uwarsa ta hure masa kunne ya bar ni ya bi wata Gergana.

Tun da ya tuƙa mota a buge da Rumyana a ciki, kotu ta ce ba zai ganta ba sai a cibiyar ganawar iyaye da yara, gaban Madam Tsvetana mai kula da ganawarsu. Dokar wurin kuwa, ba a ba yaro kyauta.

Na ja hannunta muka koma cikin cibiyar da muka fito yanzu.

"Madam, dubi! Ya karya doka!"

Zlatko ya miƙe, duk ya rame.

"Desi, zare ne fa... Ita ma Madam ɗin tana da shi a hannu!"

"Kada ka ƙara kirana Desi!"

"Na daina sha. Gergana ma mun rabu. Ki ji tausayina, rabin raina..."

"Ranar da nake kuka a ƙofar uwarka, ka ji nawa?"

Madam ta so ta kawar da kai, na kafe. Aka dakatar da ganawar. Wallahi ranar har rawa na taka a kicin!

Afrilu ya shigo, shamuwa suka cika rufin coci, yara duk sun rataye zarensu a bishiyoyi. Na Rumyana ya yi baƙi ƙirin, ita kuma kullum kanta a sunkuye.

"'Yar lelena, ɗaga kai ki gani mana!"

"A'a. Na yi wa Baba alkawari tare za mu gani. In na kalla yanzu, dole in cire."

Sati nawa 'yata ba ta kalli sama ba, ni ina can ina murna? Kunya ta rufe ni.

Na kira Madam na janye ƙorafina, sannan na kira shi.

"Zlatko, ban yafe maka ba."

"Na sani, masoyiyata."

"Asabar ka zo. Ka roƙi Madam ta buɗe muku taga... wuyan yarinyar nan ya gaji."