Sunan da Kuluwa Ba Ta Faɗa

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce. A fadamar rake ta bayan Tungar Bawale aka yi shi.

Jatau ya daɗe a Kurmi yana dakon goro. Kafin ya tafi, shi ne mai zuwa zance wurin Kuluwa. Ya tafi, ba aike ba saƙo. Ranar da ya dawo, da turmin atamfa mai ruwan ganye a jakarsa, sai ya tarar an ba da ita. Kuma ba ga kowa ba sai ƙanensa Nomau, mai dafa mazarƙwaila. Har an sa rana.

Jatau ya ce Allah ya sanya alheri, ya tura atamfar ƙarƙashin gado. Amma duk yammar da ya ji Nomau yana wanka yana fito, sai abin ya ci masa rai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bakin Kuluwa. In sun haɗu, sai ta durƙusa ta ce, “Yaya Jatau, ina wuni,” ba ko gezau. Nomau kuwa, tun da aka sa rana sunansa ya fita daga bakinta. “Shi” take cewa, ta sunkuyar da kai.

Sai Nomau ya ɓata.

Ya shiga yankan rake da la'asar, bai fito ba. Aka tarar da tukunyarsa da ɗumi, addarsa a kafe a ƙasa. Aka bi rafi, aka leƙa rijiyoyi, malamai suka yi ta addu'a. Mahaifiyarsu ta daina cin abinci. Da Jatau aka yi neman, har ƙafarsa ta kumbura. Sai dai in ya koma ɗaki, yakan jawo atamfar nan ya shafa ta, ya mayar.

Wata magariba ya nufi fadamar shi kaɗai. Ya ce nema za shi.

Yana shiga cikin rake, kwaɗi suka yi tsit. Ƙamshin mazarƙwaila ya cika masa hanci, alhali ba wanda ya sake hura wuta a wurin. A bakin kududdufi ya ga mace zaune, ƙafafunta cikin ruwa. Kuluwa ce. Atamfa mai ruwan ganye ce a jikinta. Sauro na kewaya ta, ba ya sauka.

“Jatau,” in ji ta. Babu Yaya. “Ka daɗe.”

Rabon da ya ji ta kira shi haka tun kafin ya tafi.

A bayanta, tsakanin karare, wani na zaune yana feraye rake da farce. Ya rame, idanunsa a buɗe, ba sa kallon komai. Nomau ne.

Ta ce masa ya juya gida, ya yi shiru da bakinsa. Ta ce ranar da aka sa tana nan, ango kawai za a sauya, kuma ba wanda zai zarge shi, ai kowa ya ga kumburin ƙafarsa. Jatau ya tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, ya daɗe a tsaye. Har ya ɗaga ƙafa zai juya.

Sai ta ƙara da cewa, “Nomau ba zai fito ba. Ni me zan yi da Nomau?”

Sau biyu. Ido cikin ido, kai a ɗage.

Nan ya farga. Kuluwar da ya sani, ko wuƙa aka ɗora mata ba za ta furta sunan nan ba. Ya dubi ruwan. Garai yake. Ƙafafunta sun nutsa, sun yi ta tafiya ƙasa kamar saiwar kuka, ba idon sawu, ba tafi.

Ya ja a'uziyya, ya tsallake ta, ya damƙi wuyan hannun ƙanensa. Sanyi ƙalau. Ya ja shi, suka kutsa cikin rake, ganye na yankan fuskarsu. Bai waiwaya ba. Muryar ta biyo su, da farko ta Kuluwa. Daga nan ta koma ta Jatau, tasa sak, tana faɗin abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: “Da ma ya tafi kar ya dawo.”

Ba su tsaya ba sai da suka ji kiran sallar lisha.

Gida ya cika. Can sai ga Kuluwa ta gaskiya a bakin zaure, ba takalmi, tana haki.

“Yaya Jatau, shi ne? Da ransa?”

“Shi ne,” in ji Jatau.

Da ya shiga ɗaki ya jawo atamfar, sai ya ji ta jiƙe sharkaf, da laka a gefenta. A daren ya binne ta.

Nomau ya warke, aka yi biki. Bai taɓa cewa ya ji muryar nan ba, bai kuma taɓa cewa bai ji ba. In suka zauna cin tuwo, yakan tura wa yayansa nama, Jatau kuma ya bar naman a kwano.

To, kada wanda ya bi hanyar fadamar nan shi kaɗai da magariba. Balle in da wani abu a ransa. Abin da ke can ba shi da tufafin kansa. Wanda ka ɓoye a ƙarƙashin gado, shi yake ɗaurawa ya jira ka.