Wace ce Sarauniyata a cikin laftof ɗin?

Auta ta shiga shagon kwamfutoci da shirin faɗa, don a ganinta duk mai sayar da kaya maƙaryaci ne sai an gwada shi. Tsohuwar kwamfutar tebur ta gidansu ta fara gurnani kamar injin markaɗe. Laftof ɗaya take so, wadda za ta ɗauke mata aikin zane da rana, ta buga gem ɗin tseren mota da yamma.

Ta nuna wata siririya mai ƙyalli. Saurayin da ke bayan kanta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya girgiza kai.

"Ranki ya daɗe, wannan ta ado ce. Kina sa mata gem mai nauyi za ta ɗau zafi ta fara sanɗa. Ga wannan mai kaurin, fanka biyu gare ta, allonta da faɗi, kuma ana iya ƙara mata ram don ta ƙara sauri. Tunda a gida za ta zauna, nauyinta ba zai dame ki ba."

"Ka hana ni mai tsada, kana tura min mai araha? Me ke damunta?"

"Lafiyarta ƙalau. Amma ki bar min ita zuwa gobe, ba na fitar da laftof sai an gwada ta."

Ya yi murmushi, ita kuwa ta haɗe rai, don zuciyarta ta buga ba da izininta ba.

Tun daga ranar da ta ɗauko laftof ɗin saƙonni suka fara shigowa.

"Ya fanka? Tana hura miki iska, ko in zo in taya ta?"

"Malam, duk kwastoma haka kake bibiya?"

"A'a, Zakanyata. Sai wadda ta harare ni na kasa mantawa."

Ta kife wayar tana dariya. A gaskiya ta kamu, ƙin faɗa kawai take yi.

Da zancen ya kai gida, mahaifinta Abba ne ya fara taka birki. "Namiji da gemunsa yana wasan mota a allo? Wannan ne zai riƙe gida? Ban gamsu ba."

Mai shagon da ke maƙwabtaka da Injiniya, wanda ya daɗe yana zuba wa Auta ido, shi ma ya tare ta a bakin hanya. "Ki bincika kayanki, ƙanwata. Kullum da yamma Injiniya yana sakaya ƙofa, mu dai muryar mace muke ji."

Auta ta koma gida ta kunna laftof ɗin. Ta buɗe wani tsohon gem ɗin tsere da Injiniya ya sa mata kyauta, wanda ba ta taɓa dubawa ba. Ga suna nan a saman jerin gwanaye, an manta ba a goge ba: Sarauniyata.

Ashe wata ta riga ta taɓa laftof ɗin, kuma wata ta riga ta shiga zuciyar. Kishi ya turnuƙe ta, ta tura masa saƙo.

"Ka gaishe min da Sarauniyarka. Kada ka sake kirana."

"Zo ki gaishe ta da kanki, yau da yamma. Ki taho da Abba in zai yarda."

Rashin kunyar ya yi yawa, in ji Abba, ya saɓa babbar riga. Suka sami ƙofar shagon a sakaye, ƙarar motoci na tashi daga ciki, wata mace tana cewa, "Matsa min, malalaci."

Auta ta tura ƙofar da ƙarfi.

Wata dattijuwa ce zaune, tabarau a kan hanci, yatsunta na rawa a kan kibod. Injiniya na tsugune a gefenta, ya kara tafin hannu a bakin fanka yana jin zafin iskar.

"Ummata ce, ita ce Sarauniyata," ya ce yana miƙewa. "Idonta ya yi rauni. In ta yi tsere ta ce hoto bai sarƙe ba, kanta bai sara ba, to laftof ta ci jarrabawa. Tun da ta yi ritaya zaman gida ya ishe ta, shi ya sa nake ɗauko ta."

Umma ta dubi Auta sama da ƙasa. "Ke ce mai hararar? Zauna, 'yata, mu gani ko hannunki ya kai bakinki."

Kunya ta rufe Auta, ta zauna. Umma ta lallasa ta a tseren ba tausayi. Abba ya daɗe yana kallon yadda saurayin ke gyara wa mahaifiyarsa matashi a baya, sannan ya yi gyaran murya.

"Yaro, ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, saƙo ya shigo wayar amarya.

"Zakanyata, yanzu kin yarda da ni?"

"Ka ci jarrabawa, Injiniyana."

Umma ta haɗa hannuwansu cikin nata. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ɗana na ba ki shi duka, 'yata. Daga saman jerin gwanayen nan ne dai ba zan sauka ba."