Inda Iska Ta Fita

Ranar Alhamis da hantsi injin yankan itacen Inuwa ya mutu a tsakiyar gindin wani mangwaro a Malali. Da ya cire murfin sai ya ga tsohuwar silinda mai tsatsa, alhali ranar Talata aka sa masa sabuwa fil. Inuwa kuwa Bazamfare ne mai zuciya a kusa. Bai zame ko'ina ba sai layin makanikai na Unguwar Shanu, inda ya tsaya gaban kowa ya kira Zakariyya, bakaniken da ya yi masa aikin, ɓarawo. Shugaban layin ya ba Zakariyya zuwa Asabar ya wanke kansa ko ya bar rumfar da ya shekara goma sha tara a ciki.

Da maganar ta kai ofishin 'yan sanda, Sajan Balki aka ba binciken. Mace ce mai shegen son sanin yadda abu yake aiki, irin waɗanda ke kwance rediyo lafiyayye don kawai su ga cikinsa.

Ta fara da Musa mai sayar da fetur a galan.

"Ka haɗa masa da baƙin mai?"

"Wallahi na haɗa, ranki ya daɗe. Jarka ɗaya suka sha da injin Sagir, ga nasa can yana aiki kamar sabo."

Sagir abokin aikin Inuwa ne, shago ɗaya suke ajiye injinansu a Mando, kowa da makullinsa. Ya ce shi hidimar auren ƙaninsa ta sha masa kai, ko shagon bai leƙa ba ranar Laraba.

"An raba kati?" in ji Balki, don ita ba ta raina tambaya.

"Tukuna. Jiya Laraba na karɓo daga wurin bugawa, suna gida a ɗaure."

Zakariyya ta samu zaune, ido ya yi ja, abin tausayi. Ya juya injin, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, tsohuwar silinda ba ta kashe inji a wuni guda. Wannan iska ya sha ta inda bai kamata ba, mai ya yi masa kaɗan, ya yi zafi ya kama. Wanda ya buɗe shi bai iya rufewa ba."

"Iska ai ba a ganinta. Ta ina za ka san ƙofarta?"

"A nan za ki gan ta."

Ya cire kafireto da salansa, ya toshe ramukan da guntun roba, ya ɗaure tam. Sai ya jawo tsohon abin awon jini na asibiti, mai ƙwallon roba da agogo, ya haɗa tiyonsa da ramin fulogi. Balki ta ce a'a, ita za ta matsa da hannunta, kada a ce an yi coge. Ta matsa, allura ta hau. Ta saki, allura ta fara saukowa sannu sannu.

"Ikon Allah. To ina take bi?"

Zakariyya ya miƙa mata ruwan sabulu da buroshi. Ta shafa gefen hagu, shiru. Ta shafa dama, shiru. Tana kai wa gindin silinda sai ga kumfa tana tasowa kamar an kaɗa koko. Balki har da ɗan murmushinta, ta sa aka kirawo Inuwa da Sagir, ta ce a kwance wurin a gaban kowa.

Gasket ya kamata a gani, wato takarda mai kaurin da ke hana iska wucewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Abin da ya fito kwali ne mai sheƙi, an yanka shi a karkace. Balki ta goge man da gefen hankici, ta ɗaga shi sama ta karanta: rabin sunan ango, ƙanin Sagir, da "ɗaurin aure" da ruwan zinare.

Ta dubi Sagir.

"Injin ya bar hannun Zakariyya Talata. Katin nan bai zo duniya ba sai Laraba, kuma da bakinka ka ce ba a raba wa kowa ba. Ka cire sabuwar silinda ka sa wa naka, gasket ɗin ya yage, ka ɗauki abin da ke aljihunka ka yanka. Ko a je Mando a buɗe naka?"

Sagir ya sunkuyar da kai, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Balki ta ce Shaiɗan ba shi da makullin shagon, ta sa aka wuce da shi mota.

Inuwa ya matso kusa da Zakariyya, murya ƙasa ƙasa, kunya ta gama rufe shi.

"Malam Zakariyya, don Allah ka yafe mini."

Zakariyya bai ɗago ba, yana naɗe tiyonsa.

"Na yafe. Amma ba da wannan muryar ka kira ni ɓarawo ba."

Inuwa ya juya ya dubi layin. Sannan ya cire hularsa, ya fita tsakiyar layi cikin rana, ya fara daga rumfar farko, yana ɗaga murya yana cewa Zakariyya ba ɓarawo ba ne.