Allurar Mai a Jirgin Baba

Wata biyu da rasuwar Baba na ɗauki fulaya da sifana na nufi bakin ruwa. La'asar ta yi sanyi. Inna ta tare ni a ƙofa.

"Auta, jirgin nan ba zai dawo maka da shi ba."

"Dubawa kawai zan yi, Inna."

Ba ta san abin da ke cin raina ba. Jirgin ya girme ni, kuma Baba bai taɓa yarda da allurar mansa ba. Kullum sai ya ɗora jarkar fetur ta ƙari, ko da allurar ta rantse. Ni mai ɗan boko in ta yi masa dariya. Ranar fitarsa ta ƙarshe ni na leƙa geji, wato agogon mai, na ga cike, na sauke jarkar don kaya su sami wuri. Ban faɗa masa ba. Mai ya yanke masa a tsakiyar ruwa, hadari ya riske shi a can. Jirgin aka fara samu, tanki a bushe ƙayau. Gawarsa sai bayan kwana biyu.

Ko geji ne ya yi ƙarya, ko idona. Abin da na zo sani ke nan.

Bakanike, abokin Baba, yana tattara kayansa a gaɓa.

"Ɗan boko, yau injiniya aka zama?"

"Kawu, gejin zan duba."

Sai dariyar ta bar fuskarsa. "Fara da waya. Sannan ka ciro ƙwallon da ke iyo cikin tanki. In ya huje, zai nutse. In tsatsa ta cije hannunsa, inda ya maƙale nan allura za ta tsaya. Amma kar magariba ta same ka a ciki, ka ji ko?"

Na bi wayar tun daga batir har tanki, na kankare kowane baki. Lafiya lau. Na kwance murfi na zaro ƙwallon. Bai sha mai ba, hannunsa na lilo kamar sabo. Na ɗaga shi, allura ta tashi. Na sake shi, ta kwanta.

Na so ƙwarai in sami tsatsa.

Na mayar da komai, na zuba ɗan fetur, na tsoma kara: yatsa huɗu. Allura ta tsaya ƙasa-ƙasa, inda ya kamata. Geji mai gaskiya ne. Saura ni.

Na zauna cikin jirgin ta gaba ina kuka, ban san rana ta faɗi ba. Ruwa ya yi baƙi. Kwaɗi suka fara kuka, sai kuma suka yi tsit gaba ɗaya.

Katako ya yi ƙara a bayana.

Allura ta motsa.

A hankali take hawa. Ta kai rabi. Ta wuce. Ba wanda ya ƙara ko ɗigo. Fulayar da na ajiye ta ja jiki ta sulale baya. Na ji gaban jirgin na ɗagawa da ni.

Nan na gane. Ƙwallon a ƙarshen tanki yake, ta baya. In mai nauyi ya zauna can, duk man sai ya gangara wajensa, allura ta ce cike.

Ashe ran nan da na sauke jarkar ma akwai wanda ke zaune.

Wari ya rufe ƙamshin fetur. Laka, da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ruwa na ɗiga kan benci, ɗis, ɗis.

"Auta."

Muryar Baba ce, har da ɗan kaushin nan nata.

"Ta da inji. Mai cike yake. Mu je."

Wallahi hannuna ya kai kan makulli. Kewa ta fi tsoro ƙarfi. Na so in juya, ko sau ɗaya.

"Dubi allura mana," in ji muryar, a hankali.

Baba bai taɓa cewa a dubi allura ba.

Na dubi igiyar ɗaure jirgin. A kwance take, tana jan ruwa. Gaɓa ta yi nisa.

Benci ya sake ƙara. Kusa.

Numfashi mai sanyi a ƙeyata.

Na ambaci Allah na faɗa ruwa. Wani abu ya kama duga-dugaina, ya saki, ya sake kamawa. Ban san yadda na kai tudu ba. Bakanike ne ya fizgo ni da kwalar riga, yana karanto addu'a, idonsa ba a kaina ba.

Da safe aka ga jirgin can nesa, hancinsa a sama. Ba wanda ya yarda ya je ɗauko shi. Kwana uku yana nan, sannan babu.

Na yi sati ina zazzaɓi. Da na farfaɗo na faɗa wa Inna komai, har zancen jarka. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Babanka ya ga jarkar a gaɓa," ta ce. "Ina tsaye. Ya ce in bar ta, kar yaron nan ya ji kunya."

Tun daga ranar ban ƙara taka jirgi ba, ita kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba.